RA'AYINMU: Wa Zai Tsaya Ya Wanke Gyambo?

Shekarar karatu ta zo gangara, 'yan'uwanmu na sashen koyon aikin jinya kuma sun fara ɗaure kayansu. A ɗakunan kwana da gindin itatuwan da akan zauna bayan la'asar, ba hirar da ake yi sai ta inda kowa zai kama aiki. Wannan ya ce asibitin Tarayya yake hari, wancan ya ce ya fara tara kuɗin jarrabawar Ingila. Mun daɗe muna kasa kunne, amma har yau ba mu ji wanda ya ce burinsa shi ne ya koma gida ya riƙe ɗakin wankin ciwo ba. Ba mu ga laifin kowa ba, sai dai shirun ya dame mu. Za mu ɗauki ƙasar Daura ta zama misali, domin da dama daga cikin masu karanta wannan mujalla can aka yanke musu cibiya, kuma abin da ya auku a can cikin 'yan shekarun nan ya fito da matsalar fili.

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa asibiti ya san bencin nan da ke ƙofar ɗakin da ma'aikata ke kira ɗakin diresin. Tun kafin rana ta ɗaga ya cika. Ga ɗan acaɓa wanda salansa ta soye masa ƙwauri. Ga yarinyar da zanenta ya kama wuta wajen jin ɗumi da hunturu, an riga an shafe ta da ɗanyen ƙwai ko baƙin mai kafin a kawo ta. Ga manomin da fartanya ta sare shi tun farkon damina, ya tura toka ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da noma, sai da ƙafar ta fara wari ya yarda ya zo. Ga saurayi mai sikila wanda gyambon idon sawunsa ya shekara biyu yana warkewa yana dawowa. Ga yaron da aka kai wa maɗori aka ɗaure karayar tamau har jini ya daina gudu. Daga Baure suke, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa, da cikin garin Daura, wasu ma daga ƙetaren iyaka ta Kwangwalam, domin mutumin Damagaram da na Daura tun fil azal kasuwa ɗaya suke ci. Ba masu zuwa sau ɗaya ba ne. Kullum ne, ko bayan kwana bibbiyu, wata da watanni, da kuɗin mota, da kuɗin bandeji, da yinin da aka rasa a gona.

Abin da ya fara ɓata al'amarin shi ne zaton da ake yi wai wannan aiki ba ya bukatar ilimi. Zaton yana da asali. A zamanin En'e, a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, akwai ma'aikacin da ake kira diresa, wanda aka koya wa wanke miki da shafa aidin da naɗa bandeji, kuma yana cikin na ƙasa-ƙasa wajen albashi. Mutanen nan sun yi aiki, Allah Ya saka musu, amma rainin ya bi aikin har yau: wankin ciwo aikin sabon zuwa ne, ko na wanda ake so a hora. Alhali kuwa ilimin ya yi nisa. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa mikin da aka rufe aka bar shi da ɗan danshi ya fi saurin haɗewa bisa ga wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. A nan gida ma, a 1988, wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya bayyana yadda ya sa zuma a kan miki da gyambon mutum 59, waɗanda yawancinsu magungunan asibiti suka gaza a kansu, kusan duka kuma suka samu sauƙi. Watau ko abin da kakanninmu suka sani sai da mai ilimi ya auna shi kafin asibiti ya san yadda zai yi aiki da shi.

Ƙwararren ma'aikacin jinya idan ya buɗe miki, karanta shi yake yi kamar yadda gardi ke karanta allo. Launin naman, da warin, da irin ruwan da ke fita, da zafin fatar da ke kewaye, kowanne yana gaya masa wani abu. Ya san naman da ya mutu wanda dole a cire shi kafin sabo ya tofo. Yakan taɓa bayan ƙafa ya ji ko jini yana isowa, domin gyambon da jini ba ya kai masa ba ya warkewa ko an wanke shi sau dubu, kuma ɗaurin da ke warkar da wani irin gyambo shi ne ke kashe ƙafar mai wani irin. Ya san mai ciwon sukari jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, har ya yini da tsakuwa a cikin takalmi bai ji ba. Ya san majinyacin da ba ya iya motsi in ba ana juya shi kamar bayan kowace awa biyu ba, bayansa zai ɓarke. Mafi girma duka, ya san ranar da zai ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi da shi wurin likitan tiyata yau, kada a kai gobe.

Ɗaya daga cikin masu shirya wannan mujalla ya yi jinyar kawunsa a hutun bara, dattijo mai ciwon sukari daga wani ƙauye na gabashin Daura. Wata biyu ana kai shi wani ƙaramin asibiti inda mai shara ne ke wanke ƙafar, domin ma'aikaciyar jinya ɗaya ce tilo a wurin, ita ce a ɗakin haihuwa, ita ce a wurin allura. Mai sharar ba mugu ba ne, iyakar abin da ya ga ana yi shi yake yi. Ranar da aka kai dattijon babban asibiti, wata tsohuwar nas ta kwance bandejin, ta duba, ta yi shiru, sa'an nan ta ce da ɗan'uwanmu, "Ɗana, da kun zo mako uku da suka wuce, da ɗan yatsa kaɗai za a cire." An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bana sai aron gonarsa ya bayar. Abin da ya shiga tsakanin ɗan yatsa da ƙafa ido ne wanda ya san abin da yake kallo, irin wannan ido kuwa kuɗi ake biya a same shi, kuɗi ake biya a riƙe shi.

To, nawa ake biya? A nan ne gizo ke saƙa. A Amurka tun 1965 Jami'ar Kolorado ta fara horar da ma'aikatan jinya masu zurfin ilimi waɗanda ke duba majinyaci da kansu, daga baya aka ba irinsu ikon rubuta magani, yau kuma wasunsu kula da miki ce sana'arsu, da takardar shaida da albashin da ya dace da ita. Mu ma a shekarar nan ta 1965 Jami'ar Ibadan ta fara digirin aikin jinya, saboda haka ba za a ce mun makara wajen karatun ba. Wajen tsani muka tsaya. Tsarin aikinmu bai san wannan matsayi na tsakanin nas da likita ba, ko da yake a ƙauye nas ɗin yana yin aikin bisa tilas, ba sunan ba ladan. Akwai kwasa-kwasan ƙwarewa bayan kammala karatu, kamar na jinyar ƙashi a asibitin Dala a Kano, da na ƙuna da gyaran fata a asibitin ƙashi na Enugu, amma guraben kaɗan ne, Enugu kuma ba nan kusa ba ce ga 'yar Sandamu mai goyo.

Tsarin albashin ma'aikatan lafiya na Tarayya, wanda ake kira CONHESS, an fito da shi a 2009, likitoci kuma suna da nasu dabam. Mataki yake biya, da takarda, da shekarun aiki. Ba ya tambayar ƙafa nawa ka ceta. Wanda ya shekara biyar yana sunkuye a kan gyambo da wanda ya shekara biyar yana cika rajista, in matakinsu ɗaya, albashinsu kusan ɗaya ne. Abin da ya fi wannan ciwo, hanyar ƙarin girma ta ofis ta bi: gwargwadon ɗaukakarka gwargwadon nisanka da gadon majinyaci, har ranar da hannun da ya fi kowa iyawa zai koma tsara jadawalin aikin dare. Alawus ɗin haɗari, watau ladan mu'amala da jini da mugunya da allurar da ka iya soke ka, Naira 5,000 ne a wata shekara da shekaru, sai a ƙarshen 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙara shi. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun yarda. Amma a nan askin ake so a yi, ladan kuwa an ce a dakata tukuna.

Bari mu dubi abin da ke gaban sabon ma'aikaci ɗan ƙasar Daura. Akwai aikin Jiha ko na Ƙaramar Hukuma, amfaninsa kuma a fili yake: kana gida, kana cin tuwon gidanku, iyaye na ganinka, akwai fansho in Allah Ya kai rai, kuma babu inda hannu ke saurin faɗawa kamar inda babu wanda za ka tura wa aiki. Amma wannan saurin yana da haɗarinsa. Sabon da aka jefa ƙauye shi kaɗai, ba babba a kansa, kuskurensa zai yi ta maimaitawa shekara goma yana kiransa ƙwarewa. Ga rashin kayan aiki: sai a rubuta wa majinyaci ya sayo safar hannu da auduga da ruwan gishiri, in ba shi da kuɗi ma'aikacin ya zaɓa, ko ya sa hannu a aljihunsa ko ya sa shi tsirara cikin miki. Sa'an nan albashin Jihohi a ƙasar nan galibi yana bayan na Tarayya, domin tsarin da aka yi a Abuja ba ya hawa kan Jiha sai ta ga dama ta ɗauka, ko duka ko wani kashi.

Aikin Tarayya a da sai an je Katsina ko Kano ko Zariya, yanzu kuwa ya iso Daura har gida. A zamanin mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari garin ya samu asibitin Sojan Sama da aka buɗe a 2019, da Kwalejin Fasaha, da Jami'ar Sufuri, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma akwai abin da ba a faɗa ranar bikin buɗewa. Sabon asibiti ba ya zuwa da ma'aikatansa a cikin akwati, daga cikin waɗanda ke nan yake ɗiba. Ma'aikata biyu, ajinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, kasuwa ɗaya suke cefane, amma albashinsu ya bambanta don kawai wannan Abuja ke biyansa wancan Katsina. Ba sai an yi duba ba za a san inda na biyun zai kai takardarsa. Haka abin ke tafiya: gari ya kwashe na ƙauye, Tarayya ta kwashe na Jiha, Saudiyya da Ingila su kwashe na Tarayya. A can ƙarshen layin, mai gyambo ne zaune a benci a Baure. Shi ma wanda ya samu shiga babban asibitin, zagaya shi za a yi ɗaki-ɗaki, mai yiwuwa ne ya shekara goma bai zauna a kan miki ba har ya ƙware.

Kada kuma lambobi su ruɗe mu. Iyayenmu suna ba da labarin Udoji, yadda a 1975 aka ƙara albashi aka biya na watannin baya, kowa ya sayi babur da rediyo, kafin shekara ta zagayo kasuwa ta haɗiye ƙarin. Mu ma mun ga namu. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta kai 500 nan take, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar da hukuma ke sayarwa Naira 460 da 'yan kai ta zarce 1,500. A Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 daga 30,000, wanda a takarda ya fi ninki biyu, a buhun gero kuwa kowane maigida ya san lissafin. Da ma'aikatan jinya na asibitocin Tarayya suka shiga yajin gargaɗi ranar 30 ga Yuli, 2025, cikin bukatunsu har da alawus ɗin aikin dare da na yunifom, da ɗaukar ƙarin ma'aikata, da aiwatar da tsarin aikin da aka amince da shi tun 2016. A lura fa, tun 2016. An dakatar da yajin ranar 2 ga Agusta bisa alkawari.

Asibitocin kuɗi ba za mu daɗe a kansu ba. Kaɗan suna biya da kyau, da yawa kuwa sun gwammace su koya wa yarinya allura su sa mata farin kaya su biya ta ɗan abin da ya samu, mai lasisi kuma ba ya iya gasa da wannan farashi. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suna biya sosai, ga kayan aiki ga horo, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, ranar da mai ba da kuɗin ya sauya ra'ayi, kamar yadda Amurka ta yi a farkon 2025, sai a karɓi katin shaida a yi maka godiya. Akwai kuma bin gidaje bayan an tashi aiki, a wanke wa mai hali ciwonsa a kan gadonsa a samu na cefane. Ba mu hana kowa halalinsa ba, muddin audugar ba daga kabad ɗin asibiti ta fito ba.

Sai ƙetare. A Fabrairun 2024 Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. A 2024 sabon nas a asibitocin Gwamnatin Ingila yana farawa ne da kusan Fam 30,000 a shekara. Wanda ya mai da wannan Naira, barci ba zai ɗauke shi ba a daren. Gaskiya ne haraji da haya da ɗumama ɗaki suna cinye kaso mai tsoka, gaskiya ne kuma kafin a kai can sai an biya jarrabawar Turanci da ta aiki, wani har da sayar da gonar gado. Akwai kaɗaici, akwai renon 'ya'ya inda ba kaka ba gwaggo. Amma ƙarya ne a ce waɗanda suka tafi duk nadama suke yi. Da yawa sun gina wa iyayensu gida, kuma in sun zo hutu sukan ce can idan ka buɗe kabad, abin da littafi ya ce a sa wa wannan miki yana ciki.

Hukumar ta amsa wannan da ƙa'idar da ta fitar a watan nan na Fabrairu, cewa ba za a tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisi, abin da ya fito da ma'aikatan jinya zanga-zanga a Abuja da Legas. Mu a namu ra'ayin wannan irin ɗaurin da aka yi wa yaron nan na benci ne: an matse wurin da ya kumbura, ba a duba abin da ya karye ba. Babu ƙa'idar da za ta riƙe mutumin da albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata. Abin mamaki ma, ana kukan ƙarancin ma'aikata alhali ga waɗanda suka gama makarantun jinya suna zaune a gida ba a ɗauke su ba.

Ga 'yan'uwanmu masu fita, ba za mu yi muku wa'azin haƙuri ba, domin mai wa'azin ba shi zai biya muku haya ba. Abin da za mu ce shi ne kada lambar da ke kan takardar kama aiki ta zama ita kaɗai kuka karanta. Ku tambaya aikin na dindindin ne ko na wucin gadi, domin akwai masu shekaru suna aikin sa kai suna jiran gurbin da ba ya zuwa. Ku tambaya ko akwai hutun ƙaro ilimi da albashi, da shekara nawa za a ɗaure ku bayansa. Fiye da duka, ku tambaya a bayan wa za ku tsaya cikin shekara biyun farko. Wanda ya samu tsohuwar nas irin wadda ta duba ƙafar kawun ɗan'uwanmu, ko da albashin ya gaza na wani wuri da 'yan dubbai, mu a ganinmu ya karɓa, domin wannan aiki hannu da hannu ake gadonsa, kuma abin da aka koya a shekarun nan shi za a ci a ko'ina daga baya, ko a Daura ko a Jidda. Ciwon sukari yana ƙaruwa, babura suna ƙaruwa, wanda ya ƙware a miki ba zai rasa mai nemansa ba. Wanda kuma nauyin gida ya yi masa yawa har ya zaɓi inda kuɗin ya fi, kada wani mai zama a ofis ƙarƙashin fanka ya kira shi maras kishin ƙasa.

'Yan'uwanmu mata nasu lissafin ya fi wuya. Macen ƙauye da ciwonta ke cinya ko ƙirji sau da yawa ta gwammace ta ɓoye shi har ya ci ƙarfinta da ta buɗe wa namiji, saboda haka babu inda aka fi bukatar nas mace kamar ƙauye, kuma babu inda ya fi wuyar riƙe ta kamar can, inda ba gidan kwana mai ƙofa, ba ruwa, ba makarantar da za ta sa ɗanta.

Abin da muke nema daga Gwamnatin Jihar Katsina ba ya bukatar sabon gini. A ɗauki ma'aikatan jinya kaɗan daga kowace Ƙaramar Hukuma cikin biyar ɗin masarautar, a tura su ƙaro ilimi da kuɗin Gwamnati, a yi yarjejeniya bayyananniya ta shekarun da za su yi in sun dawo, a kuma ba su mataki da alawus wanda ba zai tilasta musu barin gadon majinyaci kafin su ci gaba ba. Alawus ɗin ƙauye ya yi nauyin da zai sa mutum ya yi shawara da matashin kansa kafin ya nemi canji. Makarantar koyon kiwon lafiya ta Daura, wadda ke yaye masu riƙe da ɗakunan shan magani, a ƙarfafa koyar da kula da miki a cikinta, musamman sanin ranar da za a tura majinyaci gaba. Hakimai da dagatai kuma su zauna da wanzamai da maɗora a kan wannan magana ta turawa, domin gabansu mai ciwo ke fara zuwa. In an ce ina kuɗi, Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, muna so a nuna mana nawa ne daga ciki ya zama bandeji a Zango. Ko ɗan aji ɗaya a sashen tattalin arziki zai iya lissafa cewa alawus ɗin nas ya fi yanke ƙafa araha, in aka haɗa da tiyata da jini da gado da magidancin da ya koma bara.

Kada a ce ba zai yiwu ba, domin an yi irinsa a Jihar nan. Babbar Ruga kusa da Katsina asibitin kutare ne da mutane ke kau da kai in an ambace shi. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a 1983, ya fara ɗinkin mata masu yoyon fitsari, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya a kan aikin da a da ba mai so, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya. Kada kuma a ce ba gaggawa. Ranar 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kama wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, maƙwabciyarmu, mutum fiye da 150 suka rasu, waɗanda suka ƙone aka rarraba su asibitoci har Kano. Irin tankokin nan suna bin hanyar Kano zuwa Kazaure zuwa Daura. Allah Ya kiyaye, amma Ma'aikatar Lafiya ta fito ta faɗa wa jama'a ma'aikata nawa ne a masarautar suka taɓa samun horon jinyar ƙuna.

Mun buɗe shafin wasiƙu na fitowa ta gaba domin wannan magana. Muna roƙon tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, da waɗanda suka ƙetare, su rubuto mana abin da ke shiga hannunsu a wata bayan an cire komai, da yawan mutanen da suke wanke wa ciwo a rana, da abin da suke saya da kuɗin aljihunsu. Ba za mu buga sunan kowa ba, ko na asibitinsa. Za mu haɗa amsoshin mu kai wa Kwamishinan Lafiya hannu da hannu, mu kuma liƙa kwafi a allon sanarwa na sashen jinya kafin masu fita su sa hannu a kan kowace takarda.